Kwaɗon Ƙarfe

Kwana goma sha tara ke nan yau
da aka rataya kwaɗo a ƙofar sakatariya.
Kwaɗon fadama ko da dare yakan yi kuka,
wannan na ƙarfe ne, ya kama bakinsa,
ya haɗa da namu, bai saki ba.

Ni mai hoto ne, gindin darbejiya,
tsallaken titi, daura da mai faci.
Jan ƙyalle nake kafa wa mutum a baya,
in ce ɗaga haɓa, kar ka ƙifta,
fasfo huɗu, ka kai a manna a fayil.
Yanzu ƙyallen yana naɗe cikin jaka,
tun Litinin waccan bai ga rana ba.

An ce rigimar ta manya ce.
Wasu sun ce kasafi, wasu sun ce alawus.
Rediyo ta ce ana zama.
To, ai mu ma zaman muke,
sai dai a namu ba a raba lemo ba.

Yahanasu mai shinkafa da wake
tukunya uku take ɗaukowa daga Rahamawa,
kafin azahar ta kife su.
Tana da littafi mai baƙin bango,
masinja, akawu, direban darakta,
kowa ya ci ya ce sai ƙarshen wata.
Jiya na gan ta tana lissafi da yatsa.
Watan ya ƙare,
littafin bai ƙare ba.

Famfon layinmu ya yi tari sau biyu ya yi shiru,
an ce masu sako ruwan Ajiwa sun tafi gida.
Ɗan ga-ruwa ya ninka kuɗin jarka,
shara ta yi tudu a Ƙofar Ƙaura
har awaki sun sami wurin hangen gari.
Murja ta je awo da cikin wata takwas,
ta iske benci, ta iske sikeli,
ta zauna har inuwa ta juya,
ba ta iske mai duba ta ba.
Keken ɗinkinta muka kai kasuwa
don asibitin kuɗi ba ya jin Allah ya ba ka haƙuri.

Barmo mai gadi yana nan kan tabarmarsa,
yana tsaron kwaɗo, kwaɗo na tsaron iska.
Gizo-gizo ya yi saƙa a ramin makulli.
Na ce, Barmo, kai da ba ka yajin?
Ya ce, cikina ya riga kowa shiga,
shi bai jira sanarwa ba.

Sai Baba Sada daga Batagarawa.
Shekara talatin da biyar a gandun daji,
rabin itatuwan titin nan hannunsa ne.
Duk Laraba yana zuwa da ambulan cikin leda
a tantance shi, a ga yana numfashi,
a sakar masa fansho.
Ya zo ya shaida wa gwamnati yana raye,
bai tarar da wanda zai shaida wa ba.

Yau ya zauna kan bencina,
ya ciro hoton da na ɗauke shi kafin rufewa,
ya duba, ya shafa kumatunsa, ya sake dubawa.
Ya ce, yaro, sake mini wani.
Na rame. In sun buɗe
za su ce ba ni ba ne.

Na warware ƙyallen, na kakkaɓe shi,
na ɗaura a darbejiyar da ƙila shi ya dasa.
Ya laluba aljihu, na ce bari, Baba,
sai ƙarshen wata.
Muka yi dariya, Yahanasu ma ta taya mu.

Na ce ɗaga haɓa.
Ya ɗaga, idonsa na kan ƙofar.
Na ƙirga har uku,
bai ƙifta ba.